Mushe Ilya, wanda ya ƙi ba da ƙafarsa sai da ya gane

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shiga labo, ɗakin bincikenmu, aka bugo mini waya daga Badaguishiri: Mushe Ilya ya rasu.

Shi ya koya mana ilimin halittu a lise, wato sakandare, a Ƙonni, inda Mushe ake ce wa malami. Ranar kasuwa in ya gan mu 'yan Tsarnawa muna taka ƙasa, sai ya tsaida babur ya ɗauki mafi gajiya, sauran ya saya musu rake.

Amma taurin kai, kai jama'a! Ba a taɓa cewa "haka yake" a gabansa a wuce ba.

Shekarun baya ciwon suga ya ɓata masa ƙafar hagu, likitoci suka ce a yanke ko a rasa shi. Ya ƙi. Matarsa ta kira ni tana kuka, don ta san karatuna a kan ƙwayoyin garkuwar jiki ne.

Na iske shi kwance a asibiti. Ya ce, "Sani, ni na koya maka jiki na da sojojinai. To mi ya hana nawa zuwa ga gyambon ga? Hwaɗa min da Hausa, ban son Faransanci."

Na ce gyambo yana sakin wasu ƙananan sinadarai na kira, kemokin. A fatar kowace farar ƙwayar jini akwai makama da ke jiransu. Sinadarin yakan fara maƙalewa a bakin makamar, sannan ya cusa kansa cikin raminta. Da ya shige sai makamar ta murɗa, ta buɗe ta ciki, ta tayar da wani furotin, ƙwayar ta soma rarrafe zuwa inda kiran ya fi yawa.

"To nawa kurame na?"

Na ce suga ya rage musu ji, amma babbar matsalar hanya ce. Jijiyoyin ƙafar sun toshe, ko sun ji kira ba su da ta inda za su bi.

Ya sa na maimaita wurin murɗawar. Sannan ya ce wa matarsa, "Kira likita. Yanzu na gane."

Bayan aikin ya koma garkarsa da sanda, ya yi ta noman albasa, ya ga jikoki biyu.

Ganinmu na ƙarshe da Sallar layya ne. Ya cika mini buhu da albasa yana dariya, ya ce, "Da ka zo ka ce min likita ya ce, wallahi da an bizne ni da ƙafa biyu tun bara waccan."

Ina kewarsa ƙwarai, amma ba na shakkar abin da ya tarar, in sha Allahu alheri ne.

Allah Ya gafarta maka Mushe, Ya yalwata kabarinka, Ya ba matarka Hajiya haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'arsa ta yau.