Jaji Mai Hoto, Wanda Ya Tsaya Gaban Kyamararsa

Idan an idar da sallar asuba a Unguwar Gidaɗo, can tsakanin Kura da Bunkure, mutane kan watse zuwa gonakin shinkafa. Shi kuwa Malam Jaji zaurensa yake komawa. Sai ya tsuguna gindin randa, ya jawo wani tsohon gwangwani da yake ajiyewa a wurin saboda sanyi, ya fito da batiran kyamararsa ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba ƙwan zabi. Ya goge bakin kowanne da gefen tsumma, ya ɗora shi a tafin hannu ya duba ko ya kumbura. Sannan ya rataya kyamara a wuya, ya hau kekensa, ya bi gefen kanal ɗin ban ruwa.

Shekara da shekaru haka yake. Bikin aure, suna, saukar karatu, hoton katin ƙungiyar manoma, hoton mai niyyar Makka. Da wuya ka shiga gida a wannan yanki ba ka ga aikinsa a jikin bango ba. To 'ya'yana, yanzu yanar ido ta fara rufe masa gani, ya ce ya ajiye sana'a. Shi ya sa na ce bari a faɗi abin da ya yi tun yana ji da kunnensa, don yabon da aka yi wa mutum bayan an rufe shi da ƙasa, masu rai kaɗai ke cin moriyarsa.

Abin ya faro ne wata bazara mai zafi. Batiran kyamarar suka tsufa, ga cajin janareta da ke cinye su. Sai ka ga alama ta nuna a cike, amma ana cikin aiki kyamara ta yi wani ɗan nishi, ta janye idonta ciki, gilashin baya ya yi baƙi ƙirin.

Karon farko a kan tsoho Haladu ta yi haka, wani dattijon Bamaguje da 'ya'yansa suka so a ɗauke shi da rigarsa ta saƙi. An zaunar da shi, Jaji ya ɗaga kyamara, ta rufe ido. Aka yi dariya. Haladu da kansa ya ce, “Ta ga muni ta gudu.” Kafin a yanke shinkafar rani an binne shi. Bayansa ta yi wa wata gyatuma a Kadawa, ita ma ba ta ga damina ba. Sai kuma ladanin unguwa.

Daga nan dariya ta ƙare. Ba wanda ya fito ya faɗa, amma idan ƙarar keken Jaji ta doso, mata masu shanyar tumatir sai su ja mayafi su juya baya. Masu ban ruwa su sunkuya cikin shuka har ya wuce. Tsofaffin da ke hira gindin tsamiya su yi tsit, kowa ya kafa wa ƙasa ido. Aka ce kyamarar Jaji gani take yi. Wanda kwanansa ya ƙare, ba ta yarda ta kalle shi.

Shi ya san dalili. Tsoho ba ya zama a yi masa hoto nan take. Sai ya gyara rawani, ya aika a ɗauko carbi, ya ce a jira jikansa. Kyamara kuwa tana kunne cikin rana, tana shan ɗan abin da ya rage. Jaji ya yi ta bayani har bakinsa ya bushe. Liman ma ya yi huɗuba a kan camfi. Kowa ya ce, “Haka ne, rai na hannun Allah.” Amma da an hango kyamarar sai a tuna da wani aiki a bayan gida.

Kubra ce kaɗai ba ta gudu ba. Jikar amininsa ce, tun tana rarrafe yake kiranta matarsa, tana kiransa tsohon miji. Tana da cikin fari, cikin ya tsufa. Ta aika aka kira shi, wai tana so abin da za ta haifa ya ga yadda uwarsa take kafin ya lalata mata jiki.

“Matata, ki zauna mana,” in ji shi. “Rana na cina.”

“Tsoho, ka yi haƙuri. Wannan mayafin bai dace da zanin ba.”

Ta shiga ta fito, ta sake shiga. Da ta zauna a kan kujera tsakar gida, rana ta take tsaka, ba inuwa ko ta kaza. Ta yi murmushi. Ya ɗaga kyamara. Sai nishin nan, ido ya janye.

Surukarta da ke daka ta tsaya da taɓarya a sama. Murmushin bai ma gama barin fuskar Kubra ba ta tashi, ta naɗe mayafin a hankali, ta shige ɗaki.

Daga ranar ta kwanta. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai. An kai ta asibitin Kura, aka ce lafiyarta ƙalau, ta dai ci abinci. Ba ta ci. Ta rabar da zannuwanta, ta kira ƙanwarta ta faɗa mata yadda za a riƙe jaririn. Wuyanta ya zama kamar sillen kara, abin da ke cikinta ya rage motsi.

Jaji ya nemo mijinta Abdulsamad, wanda ke aiki a injin casar shinkafa kuma yana jin Turanci. Ya ce su kira kamfanin da ya ƙera kyamarar. Suka zauna bakin kanal inda waya ke kamawa. Muryar wata mata ta na'ura, marar numfashi, ta yi ta cewa a danna wannan, a danna wancan, sai kiɗa, sai layi ya yanke. Suka sake. Da ƙyar aka samu ɗan Adam.

“Ya ce a kashe a kunna, Baba,” in ji Abdulsamad.

“Ka ce masa ita ke kashe kanta.”

“Ya ce sun daina yin irin wannan batirin. Wai ka sayi sabuwar kyamara.”

“Ba batir nake roƙo ba yanzu. Ka ce masa akwai yarinya kwance. Za mu kai mata wayar, ya faɗa mata da bakinsa cewa laifin batir ne. Su suka ƙera abin, za ta yarda da su.”

Abdulsamad ya yi ta magana. Can ya sauke wayar daga kunne.

“Ya ce ba shi da izinin cewa kayansu na da laifi. Wai sun gode da kiranmu.”

Jaji ya kalli ruwan kanal yana wucewa. Sannan ya ce, “Gobe da tsakar rana ka buɗe min gida. A fito da ita ko da a kan tabarma ne.”

Washegari bai ɗauki mai dama-dama cikin batiran gindin randa ba. Wanda ya fi kowanne kumbura ya zaɓa, ya kunna kyamara tun daga gida ya bar ta a rana. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Ya tarar an jingina Kubra da bango, maƙwabta sun cika tsakar gida, ba mai tari. Ya jawo kujerar nan da ta zauna a kai, ya zauna. Ya miƙa wa Abdulsamad kyamara.

“Ɗauke ni.”

“Baba…”

“Ɗauke ni, na ce. Ni ma ina so a ga kyawuna.”

Kai ne ka san batir ne, Jaji. Ka fi kowa sani. Amma matarka Mansura ta ce da bakinka ka faɗa mata, da idon gilashin nan ya juyo gare ka sai ka ji sanyi ya taso daga tafin ƙafarka, ka tuna fuskar Haladu yana dariya. Ba ka taɓa zama ta wannan gefen ba. Duk da haka ba ka motsa ba.

Kyamara ta yi nishi, ta rufe ido a kansa. Wata tsohuwa ta yi salati ƙasa-ƙasa.

Ya juya ya dubi Kubra. “To, matata, ga shi ta ƙi ni ni ma. Na girme ki nesa ba kusa ba, in tafiyar ce ni ne a gaba. Muddin kina jin muryata, layi bai zo kanki ba. Kullum zan zo in gaishe ki. Ke kuma ki ci abinci, kada ki riga mijinki, abin kunya ne.”

Haka aka yi. Kowace safiya, kafin ya nufi ko'ina, sai ya jingine keke a ƙofar gidan ya ɗaga murya daga zaure: “Matar tsoho, ina nan. An karya?” Da fari shiru. Daga baya aka fara amsawa, “Kunu kaɗan.” Mutanen gari kuwa suna lura da shi ta wutsiyar ido. In ya yi tuntuɓe a hanya, kafin azahar labari ya kai Bunkure.

Sai zazzaɓin sauro ya kama shi, irin na masu zama kusa da shinkafa. Ya kwanta yana karkarwa, haƙora na haɗuwa. Mansura ta tare ƙofa.

“Malam, ba inda za ka. In aika a ce kana gaishe ta.”

“In ta ji muryar wani, ta gama. Kira min mai babur.”

Aka ɗaura shi a bayan mai babur da rawaninsa don kada ya faɗi. A zauren ya dafa bango, ya tattara abin da ya rage masa na murya ya yi kiran. Cikin gida ya yi tsit, har kana jin kukan kurciya a kan katanga. Kubra ta ji yadda muryar ta sirance, kowa ma ya ji. Can sai ga amsa:

“Tsoho, ka sha magani kuwa?”

“Sai kin ci tukuna.”

Sai aka ji ƙarar cokali a jikin kwano.

Ta haihu lafiya, mace, aka sa mata Rukayya. Ranar suna Kubra ce ta fara zama gaban kyamarar, da wani batir da Abdulsamad ya tono a kasuwar Kano. Wannan karon ba ta sauya mayafi ba. Hoto ya fito.

Har yau akwai masu raɗa cewa kyamarar ba ta yi ƙarya a kansa ba, jira kawai ake yi. Da aka gaya masa sai ya ce, “Wa ba a jira?”

Jaji na Mansura, mai gadin ran da ba nasa ba. Kai ne ka ga bayani ya ƙi shiga, waɗanda ya kamata su yi magana sun ƙi, ka sa jikinka a wurin. Mun gode. Allah Ya saka maka, Ya bar maka sauran ganinka, Ya sa ka ga auren Rukayya.

Ku kuma masu sana'a, in kayan aikinku ya tsorata wani, kada ku ce ai kun yi bayani ku kama gabanku. Ku tsaya har tsoron ya sake shi. Wanda hanya ta bi da shi Unguwar Gidaɗo, ya tsaya a zauren nan ya yi sallama da ƙarfi, ya faɗi sunansa, don idon ba ya rarrabe fuska yanzu. Ya ce masa, “Baba Jaji, muna nan. An karya?”