Shekarar da Aka Shafe Zaurenmu da Siminti

Maƙwabcinmu a nan Daurawa yana sake rufin gidansa, tun hantsi kafintoci suke dukan kwano kamar a tsakiyar kaina. 'Ya'yana sun toshe kunne suna ta mita. Ni kuwa sai na samu kaina na ajiye tsintar shinkafar da nake yi, na yi zuru ina saurare. Ƙarar nan ta mayar da ni Gyadi-Gyadi, ina 'yar shekara tara, a shekarar da Baba ya ɗaura niyyar gyara zauren gidanmu.

In Gyadi-Gyadin yanzu ka sani, mai shaguna a jere da 'yan adaidaita sahu suna yi wa juna ihu, to sai ka ɗan rage mata hayaniya a ranka kafin ka fahimce ni. A lokacin akwai sauran gonaki tsakaninmu da Tarauni. Da damina dawa takan yi tsayin da har a hana mu bi ta ciki, da rani kuma mu yanke ta nan mu je kasuwa sayo kayan miya. Gidajen bulo sun fara tsirowa nan da can, amma yawancin layinmu ginin ƙasa ne, kuma a duk layin babu zauren da ya kai namu.

Ba yabon kai nake yi ba. Kakana na wajen uba magini ne, ubansa ma magini ne, su biyun suka tayar da zauren. Kaurin bangonsa ya isa ni da ƙanwata mu zauna a bakin ƙofar mu miƙe ƙafa ba tare da mun tare hanya ba. Da bazara, lokacin da ko'ina ya ɗauki zafi, kana shiga ciki sanyi zai sauko maka a wuya. Rufinsa na azara ne, wato itacen giginya da aka jera aka lulluɓe da ƙasa, kuma a can sama akwai ɗan gajeren bango da ya kewaye rufin, wanda magina suke kira rawani. A nan ciki Kaka yake wuni a kan buzunsa, da butarsa da carbinsa.

Duk bayan shekara biyu, kafin ruwa ya sauka, akan yi wa zauren makuba. Ɓawon ɗorawa ne mata suke dakawa, a jiƙa shi, a kwaɓa da jar ƙasa a shafe bangon daga waje, ruwan sama ya riƙa zamewa a kai. Warinsa mai tsami ne, yana kama tufafi, kuma kwana uku ake yi ana jin sa har cikin tuwo. Muna yara muna toshe hanci, Kaka yana yi mana dariya daga kan tsani. Amma a shekarun da nake ba ka labari ya daina hawa tsani, domin yanar ido ta rufe masa gani, inuwar mutum kawai yake gani. Zauren ya tsallake makuba sau biyu, rufin ya fara yoyo.

Akwai abu ɗaya da sai ka san shi za ka gane gidanmu. Baba ɗan fari ne, kuma Kaka mutumin da ne wajen alkunya. Ban taɓa jin ya kira sunan Baba ba, ban taɓa ganin ya dube shi ya yi masa magana kai tsaye ba in ban da amsa gaisuwa. In yana da abin faɗa, ni yake kira. Amarya yake ce min, irin wasan kaka da jika, ni kuma ina ce masa tsohon miji mai rowa. Sai ya ce, "Amarya, je ki gaya wa ubanki kaza," alhali Baba yana zaune taku uku daga inda yake, yana jin komai. Ni kuma in juya in maimaita, ina ƙara gishiri inda na ga dama.

Wata safiya wani ɓangaren ƙasa ya rufto daga rufin ya faɗi dab da buzun Kaka. Baba direba ne a wata ma'aikata, mutum ne mai zafin nama, abin da ya ƙudurta da safe yana so ya ga ƙarshensa kafin la'asar. Hankalinsa ya tashi ƙwarai. A makon ya kawo kafintoci da birkila, aka sauke bandir na kwano da buhunan siminti a ƙofar gida. Yanzu da na girma na san tsoro ne ya fi yawa a zuciyarsa, kada gini ya danne masa uba. Amma na san kuma akwai 'yar kunya a ciki, domin abokan aikinsa sukan sauke shi a ƙofar gida, kuma duk sun koma gidajen bulo masu fenti.

Kaka ya saurari ƙarar sauke kayan, sannan ya kira ni.

"Amarya, gaya wa ubanki kwano na yarda da shi, azarar ta gaji. Amma a shimfiɗa shi daga ciki, kada a tuɓe wa zauren nan rawani a gaban jama'a. Siminti kuwa a bar shi. Ƙasa tana shan ruwa tana fitarwa. In aka rufe mata fuska, a ciki za ta riƙe shi."

Na juya na faɗa. Baba ya sunkuyar da kai, ya ce in ce wa Malam, haka yake kiransa, rawani ba za a taɓa shi ba, amma masu aikin sun ce siminti ake sawa ko'ina yanzu, kuma in an sa an huta da makuba har abada. Na juya na faɗa wannan ma. Kaka ya daɗe yana jan carbi. Da ɗansa na biyu ne da ya daka masa tsawa an wuce wurin, amma ɗan fari ba a ja-in-ja da shi. Abin da ya ce kawai shi ne, "To, Allah ya sa alheri."

Aka yi mako biyu ana aiki. Aka kafa ƙusoshi a jikin bangon, aka ɗaura waya, aka watsa siminti aka goge shi sumul, aka shafa masa fenti ruwan ƙwai. Kwanon ya kwanta a bayan rawani, ba ka ganinsa sai ka ja da baya sosai. Gaskiya ya yi kyau. Mutane suna tsayawa suna yi wa Baba barka, ni kuwa har wani taku na sake, a makarantar allo ina ce wa yara gidanmu ne mai fentin nan. Na manta da maganar Kaka tun kafin fentin ya bushe.

Damina uku ta wuce lafiya, ko ɗigo babu a zaure. Bayan ta ukun, lokacin da ake yankan dawa, wata ranar Alhamis da yamma muna gaɗa a gindin bangon gabas, sai wata ƙawata ta buga tafin hannunta a jikin simintin. Ya amsa da wani sauti mai zurfi, kamar ganga. Muka yi tsalle don murna. Muka gano cewa ƙasa-ƙasa muryarsa kauri ce, sama-sama kuma siririya, nan da nan muka raba wuri, masu kiɗa uku, sauran suna waƙa. Ni ce uwar kiɗan, tunda bangon gidanmu ne.

Sai na ji muryar Kaka daga ciki: "Amarya, wa ya kawo min ganga ƙofar gida?"

Na ce, "Ba ganga ba ce, tsoho, bango ne yake kiɗa!"

Ya ce in zo in kai shi. Na riƙe masa hannu muka zagayo. Ya dunƙule yatsunsa ya fara ƙwanƙwasawa daga ƙasa, yana matsawa kaɗan-kaɗan, kunnensa dab da fentin. Ya bi bangon tun daga wannan kusurwa har waccan. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, sai na ji tsoro ya kama ni ba tare da na san dalili ba. Ya kori ƙawayena da lallami, ya ce kada kowa ya sake zama a gindin bangon nan. Sannan ya ce, "In ubanki ya dawo, ki ce ya ƙwanƙwasa nan kafin ya shigo." Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan saƙon ba.

Baba ya dawo dab da magariba, na tare shi da saƙo. Ya ƙwanƙwasa sau ɗaya, ya sake, sannan ya shiga gida ya fito da guduma. Duka biyu ya yi, wani falle na siminti mai faɗin tabarma ya ɓalle ya zube a ƙasa. Abin da ke bayansa har yau ina ganinsa. Ƙasar ta yi baƙi, ta jiƙe sharkaf, tana warin rijiyar da aka daɗe ba a ja ba. Gara ta yi hanyoyi a ciki. Baba ya tura hannu, ya shige har gwiwar hannu bai taɓa wuri mai ƙarfi ba. Ashe ruwa ya riƙa shiga ta wata tsaga da ke saman rawani shekara uku, bai samu hanyar fita ba. Ta bayan wannan bangon kuwa, daidai wurin, nan Kaka yake jingina bayansa.

Ka san halin unguwa, kafin a ce me mutane sun taru. Akwai wani dattijo a layinmu mai kaifin baki, wanda tun ranar fenti abin yake ci masa rai. Ya leƙa ramin, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce ikon Allah, ɗan magini jikan magini, a ce bai san ƙasa ba ta shiri da siminti ba, ai wannan da ya kashe ubansa da hannunsa. Baba yana tsaye da guduma, tufafin aiki a jikinsa, ya kasa ɗaga ido. Wasu suka fara gyaɗa kai.

A lokacin na riga na fito da Kaka, yana riƙe da hannuna. Ya yi gyaran murya, wurin ya yi tsit.

"Ku bar yaron nan," ya ce. "Ni na ce a sa. Na gaji da hawa tsani, na ce a yi min abin da zan huta. Ya ce min anya, na ce ya yi abin da na ce. Tsufa ne ya ruɗe ni."

Na buɗe baki na ce, "Amma Kaka, ai kai ka aike ni ka ce..." Ya matse min wuyan hannu har sai da na ji zafi, na haɗiye sauran. Mutumin da ya yi shekara hamsin ana kiransa daga unguwa zuwa unguwa don ya duba gini, a tsaye ɗaya ya zubar da sunansa. Daga ranar abokan wasansa suka samu abin yi, in sun zo wucewa sai su ce ina maginin siminti. Shi yana dariya, ni kuwa ina shiga ɗaki in yi kuka don haushi.

Ranin nan gaba ɗaya a kan zauren ya ƙare. Aka ɓamɓare simintin kaf, aka tokare bangon da itace, aka bar shi ya sha iska wata guda. Baba ya ɗauki hutu a wurin aiki, ya tuɓe riga ya shiga kwaɓa ƙasa da ƙafarsa. Iyayenmu mata suka koma dakan ɓawon ɗorawa. Kaka yana zaune a inuwa, a kawo masa kwaɓin a ƙwarya, ya murza da yatsa, ya shinshina, ya ce da iska, "A ƙara ruwa," ko "A bar shi ya kwana." Baba kuma ya amsa wa iska, "To." Wannan ne karo na farko da na ga sun yi magana ba ta bakina ba, ko da yake duk zancen ƙasa ne. Kaka ya ga damina biyu a cikin zauren bayan haka, sannan Allah ya karɓi abinsa.

Yau gonakin nan duk sun zama gidaje. Zaurenmu ya makale tsakanin kantin magani da shagon cajin waya, ɗakunan ciki kuma ɗalibai masu karatun jinya ne suke haya. Makuba sai an aika ƙauye ake samu, mai iya shafa ta ma sai an yi cigiya. Yayyena sun daɗe suna so a rushe zauren a fitar da shaguna uku, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Baba ne ya ƙi. Ya tsufa, ba ya iya hawa tsani, amma duk shekarar makuba sai ya sa an kawo masa kwaɓin, ya shafe iya inda hannunsa ya kai.

Bara na same shi yana wannan aikin, na ce ya bari masu aiki su yi mana. Da ya ƙi, sai na tambaye shi ko ya tuna abin da Kaka ya faɗa wa mutane ranar nan, domin ni dai na san ba haka aka yi ba, da bakina na kai saƙon. Ya ci gaba da shafa ƙasar, bai juyo ba.

"Na fi ki sani," ya ce. "Tun da na yi wayo ban taɓa jin Malam ya yi ƙarya ba sai ranar, kuma saboda ni ya yi ta. Ban samu bakin yi masa godiya ba har ya tafi. To ki bar ni in shafa abina, in ina yi ina roƙa masa gafarar ƙaryar nan."