Wuyan Gwaggo Taiba

Gwaggona Taiba makitsiya ce a Talata Mafara, kuma ban ga hannu irin nata ba har yau. A shekarun da aka fara noman rani da ruwan Bakolori, matan ma'aikata layi suke yi a tsakar gidanta. Sai dai tana da baƙi a bayan wuya, mai kauri, ga gashi a haɓa, ga al'ada da ke tsallake watanni. Mata kuwa ba su raina abin magana. Aka ce ƙazama ce, layi ya fara raguwa. Wa zai miƙa kansa ga wadda ba ta wanke wuyanta?

Ta dirje shi da soso da toka, har da dutsen goge kaushi, ya yi jini. Ana tsananin zafi ta naɗe wuya da gyale. Abin yana ci mini rai har yanzu, don macen nan sau uku take wanka a rana.

Wata rana Sista Comfort, ma'aikaciyar jinya, ta zo kitso. Gwaggo ta sunkuya ɗaukar tsinke, gyalen ya zame.

"Maman gida, wannan ba datti ba ne," in ji Sista. "Jiki ne ke nuna sukari ya fara fin ƙarfinsa, kuma yana tafe da matsalar ƙwan mace. Ki zo likita ya duba ki."

Ta je, aka tabbatar. Ta bar zuba sukari a fura, ta rage shinkafa, kullum ta taka zuwa gona bakin kanal, hanyar ruwan noman rani. Baƙin ya ragu, bai tafi duka ba. Ta ajiye gyalen, duk mai tambaya ta yi mata bayani tana kitso, mata suka dawo har da na garin Bakura.

Makitsiya ce kaɗai ke ganin ƙeyar kowa, Gwaggo kuwa ta riƙe wannan da muhimmanci. Ina shekara sha bakwai ta kwantar da kaina a cinyarta, sai hannunta ya tsaya. Ta ga baƙi da sawun dirza a wuyana. Ta kira uwata Saude, wadda ta daɗe tana jin kunyar zama kusa da ita a biki.

"Saude, bar dirzat ɗiyag ga hakanan. Ba dauɗa ta ba, irin nawa na. Ɗauko mayahinki mu tai asibiti."

Da rabin kitso na tafi, kuma ban ji kunya ba ko kaɗan, don Gwaggo ce a gaba.