Abin da Kaka Ta Jiyo a Queens

Ba mu da tsakar gida a unguwar Bronx da ke Amurka, balle murhun da za a kewaye. Abin da muke da shi shi ne ɗan kicin a hawa na biyar, a wani tsohon gini da ke kan titin Grand Concourse. Idan sanyi ya tsananta, Kaka takan ɗora tukunyar shayi a kan gas bayan magariba, ta zauna kusa da wutar tana gasa tafin hannunta, ni da ƙanena Sani mu raɓe a gefenta. Haifaffiyar Kano ce, aure ya kai ta Kumasi, mu jikoki muka jawo ta Amurka. Da muka fara makaranta sai ta ƙi zaman banza, ta sami aikin kula da wata tsohuwa 'yar Indiya a unguwar Queens.

Akwai ranar da na dawo makaranta ina kuka. Yaran ajinmu sun ce ni ba 'yar Amurka ba ce, 'yan uwana na Kumasi kuma da muka yi waya da su suna dariyar Hausata, wai ta Turawa ce. Na tambayi Kaka, to ni wace ce?

Ta ce, "Share hawayenki, ƙawata. Yau na zo muku da wata tatsuniya daga nesa, tsohuwar da nake kula da ita ce ta ba ni."

Wai an yi wani attajiri da ya iso bakin wani babban kogi yana son ƙetarewa. Mai jirgi ya ce masa jirgin ƙarami ne, mutum kaɗai yake ɗauka, duk abin da mutum zai kira nasa sai ya bar shi a gaɓa. Attajiri ya sauke kayansa ya matso. Mai jirgi ya nuna rigarsa ya ce, "Wannan fa?" Ya ce, "Rigata ce." Ya tuɓe. Ya faɗi sunansa da na ubansa don a san da wanda ake magana, mai jirgi ya ce, "Ai ka ce sunanka. Ajiye." Ran attajiri ya ɓaci, ya ce fushinsa ya fara tashi. Aka ce shi ma ya sauke. Haka aka bi ta kan jikinsa, da tsoronsa, da duk abin da yake tunawa, har tunanin da ke kai da kawo a kansa.

Sani ya katse ta da Turanci, ya ce ai babu wanda ya rage ke nan.

Kaka ta yi dariya. "Haka shi ma ya ce. Ya ce, 'Na duba, ban ga kowa ba.' Sai mai jirgi ya ce, 'To wa ya duba? Shi nake jira tun ɗazu. Shigo.'"

Da suka kai tsakiyar ruwa, fasinjan ya kalli idon mai jirgi, sai ya ga wanda ke leƙowa ta cikin idon nan shi ne dai wanda ke leƙowa ta cikin nasa. Nan labarin ya tsaya. Babu kura, babu wanda aka cinye, har Sani ya yi ƙorafi.

Kaka ta zuba mana shayi ta ce, "Su Hindu suna kiran wannan mai dubawar atman. Sun ce ba a haifarsa, ba ya tsufa, ba ya mutuwa, kuma guda ne a cikin kowa. Mu Musulmi ne, mun san rai na Allah ne, ban ce ku bi hanyar tsohuwar nan ba. Amma matar nan ƙafafunta sun daina aiki, mijinta ya rasu, kullum ni nake mata wanka, ban taɓa jin ta ce ta ƙare ba. Cewa take jikinta ne ya gaji."

Gaskiya a daren ban gane komai ba. Na dai daina kukan.

Ina shekarar ƙarshe a sakandare mantuwa ta kama Kaka. Da farko hanyar jirgin ƙasa ta ɓace mata, sai Turancinta ya tafi, sai yaren Twi ɗin da ta koya a Kumasi. Daga baya sunayenmu suka bi. Mahaifiyata takan fito daga ɗakin Kaka ta jingina da bango ta ce, "Wallahi wannan ba Inna ba ce." Maganar takan soke ni.

Wata yamma ina taje mata kai, na sunkuyo na ce, "Kaka, kin san ni?"

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Ban san sunanki ba, yarinya. Amma ki zauna, kada ki tafi."

Na zauna. Kallon nan bai canza ba ko kaɗan, shi ne wanda na sani tun ina rarrafe. Duk abin da za ta iya cewa nata ya zube, amma wadda ke kallon tana nan daram. A ranar na daina lissafa abin da ta rasa.

Har yau ina sallata, kuma ban zama masaniyar falsafar kowa ba. Sai dai idan aka tambaye ni ko ni 'yar ina ce, ina amsawa ba tare da zuciyata ta buga ba, domin na san tambayar sunana da garina ake yi, ba ni ba. Mun binne jikin Kaka a ƙasar da ba ta taɓa kira tata ba. Da aka ce in yi kuka don na rasa ta, na yi, sosai ma. Amma ban taɓa yarda cewa ita ce muka rufe da ƙasa ba.