Doyar da Mama Ba Ta Kai Gaban Bagade Ba

Ranar Lahadin godiyar kaka, shekarar da na shiga aji huɗu, Mama ta ɗaura zanenta na zumuntar mata, ta ɗora babbar doya a ka, muka nufi coci. Doyar nan alkawari ce. Da damina ƙyanda ta kusa kashe ƙanena Bulus, Mama ta durƙusa ta ce wa Allah in ya tashi, doyar farko ta gonarmu da kanta za ta kai ta gaban bagade tana rawa. Bulus ya tashi. Ga shi nan a bayanmu yana jan takalmin da ya fi ƙafarsa girma.

A cocinmu na Orozo haka aka saba. Kowa yakan shigo da abin da gonarsa ta ba shi, dawa, gyaɗa, kabewa, har da zakara mai ihu a tsakiyar addu'a, mu yara muna toshe baki kada dariya ta kuɓuce. Ginin ma iyayenmu mata ne suka yi jigilar yashinsa daga rafi, mu kuma muna biye da bokitan ruwa bayan an tashi makaranta. Sai dai a shekarar ma'aikata daga cikin gari sun fara cika unguwar, an shimfiɗa tayil mai sheƙi a cikin cocin, an kuma naɗa sababbin dattawa masu ƙamshin turare.

Ɗaya daga cikinsu ne ya tare ƙofa. Mata suna buga tulu, Mama ta riga ta fara taka rawa, sai ya ɗaga mata hannu kamar mai tsayar da mota. "Mama, wannan zai ɓata mana tayil. Ki bi ta baya, akwai sito." Ta ce masa, "Ɗana, alkawari na yi." Ya ce yau akwai manyan baƙi, ta bari sai baɗi. Wankakkiyar doya ce fa, ni na wanke ta da soso. Fasto yana gani, ya mai da idonsa kan agogo. Matan da suka ɗauki yashi tare da ita ba wadda ta buɗe baki, kuma wannan shirun ya fi maganar dattijon ƙona mini rai. Mama ta zagaya, ta ajiye doyarta kusa da tsintsiyoyi, ta zauna a bencin ƙarshe.

Baɗin bai zo ba. Kafin wata damina an yanka gonakinmu filaye, an kafa turaku inda kunyoyinmu suke. Mama ba ta daina zuwa coci ba, ba ta kuma taɓa zagin kowa ba. Ni ce mai zagin, tana kwaɓata. Amma bayan shekaru da yawa, a ciwonta na ƙarshe, Bulus yana riƙe da hannunta, gemunsa har ya fara furfura, ta dube shi ta ce, "Ban kai Masa ba."

Yanzu a Kubwa nake sujada, inda ake godiyar kaka ba mai gona ko ɗaya a cikinmu, komai tsaf, ba ƙasa ba zakara. Ina kewar hayaniyar nan ta dā. In muka zo wurin yafe wa waɗanda suka yi mana laifi a addu'ar Ubangiji, har yau bakina nauyi yake yi.