Makullin Mai Kemis a Zauren Kawu

Ana sallame sallar asuba muka tayar da mota daga Kano, ni da wani abokin aikina, muka nufi Getso sayen hatsi. Albashi ya maƙale, wai kason jiha bai iso daga Abuja ba, kwanon gero kuma a birni ya fi ƙarfin irinmu. Ga shi ana ta shirin ƙaddamar da Shari'a, gari ya cika da jita-jita. Maiɗakina ba ta so tafiyar ba ko kaɗan.

Kafin Kabo mun wuce shingen 'yan sanda har na daina lissafi. Kowanne sai ya leƙa but ɗin mota, ya tambayi inda za mu da wata Hausa mai ƙashi, don daga nesa aka turo su. A Kabo muka karya da ƙosai da kunun tsamiya. Ƙosan ya ƙanƙance har abokina ya tambayi mai suya ko shi ma tsuke bakin aljihun ya shafe shi. Ba ta yi dariya ba. Hirar teburin duk ɗaya ce: an ga baƙi 'yan kudu suna ɗaure kaya.

Daga Gwarzo muka karkata zuwa ƙauyen kawuna, wanda shi ne dagaci. Dawa ta yi kai, wake ya yi yaɗo, amma hankalina ba ya kan gona. A zaure muka tarar da dattawa sun yi jugum, ga wani mutum a durƙushe riƙe da makulli. Mai Kemis ne, ɗan ƙabilar Ibo da aka haifa a garin, wanda kowa ke sayen magani a wurinsa.

Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Baba, gaskiya nake so. In zauna ko in tafi? In tafiya ce, ga makullin shago, amana, kamar yadda ubana ya bar wa mahaifinka lokacin yaƙin basasa."

A gidanmu ba a ƙin karɓar amana, kuma a gaban shaidu ake karɓarta. Amma in dagaci ya karɓi makullin nan a bainar jama'a, kafin la'asar gari ya ɗauka cewa shi ma ya san masifa na tafe.

Da Kawu ya buɗe baki, mu ya fuskanta. Ya ce wancan yaƙin ba da bindiga ya fara ba. Da tsoro ya fara: Arewa na tsoron kudu za ta cinye ayyukan gwamnati, kudu na tsoron yawan Arewa. Aka kashe shugabanni, aka rama a kan talakawan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, sai ɓangare guda ya ce ya fita daga ƙasar. Don kada a sake, aka yanyanka yankuna zuwa jihohi, aka kwashe 'yan doka da gidan yari da kuɗin mai aka miƙa wa tarayya.

"Yau in rigima ta tashi, ko ɗan sanda ɗaya ba ni da ikon turawa," in ji shi. "Sai an nemi izini daga inda ba a san sunan garin nan ba. Kuma kada in yi ƙarya, lokacin da muke da 'yan dokar ma ba mu hana abin da ya faru ba. To da wane baki zan ce maka babu komai?"

Sai ya miƙa hannu ya karɓi makullin. "Ku shaida, na karɓa. Shago ya zama amanata." Ya juya ya danƙa wa Mai Kemis makullin. "Na ɗauke ka jiran shagon. A zauren nan za ka riƙa kwana. Wanda ya taɓa ka, amanar gidan nan ya taɓa."

Dattawa suka ce madalla. Mai Kemis ya share ido ya ce zai zauna, amma iyali dai su tafi gida can kudu tukuna. Kawu bai hana ba, kuma wannan rashin hanawar ya fi komai tayar mini da hankali.

Haka muka biya Getso muka juyo da buhun gero biyu a but, matar Mai Kemis da 'ya'yansa mata a kujerar baya. Kowane shinge sai na ji suna ɗauke numfashi. Da muka isa tashar manyan motoci a Kano sai babbar 'yar ta ce mini, "Kawu, a can fa ba mu iya yaren sosai ba. In an tambaye mu 'yan ina ne, me za mu ce?"

Na sauke musu kaya muka yi sallama. Na isa gida lafiya kafin magariba, hatsi ya samu, maiɗakina ta yi hamdala. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne an tattara ƙarfi duka an kai sama don a hana yaƙi, amma tsoron da ya haifi yaƙin yana nan ƙasa tare da mu. Mutumin da ya rage a garin nan ba shi da soja, ba shi da ɗan sanda, sai maganar tsoho ɗaya. Tun ranar, kowace safiya da faɗuwar gaba nake kunna rediyo.