Rigunan Mawaƙa Ashirin da Biyu

Tsoro ya kama Auta ne ranar Alhamis, lokacin da likita ya gama taɓa kullutun da ke wuyan Mama ya juyo wajen 'yar tata. "Ke ce mai digirin? Mun yi gwaji, amma sakamako sai bayan hutun Ista."

Mama ta gyara ɗankwali, ta tambaya ko ƙarfe nawa ne. Shekara talatin ke nan ita ke wanki da gugar rigunan mawaƙan coci, kuma ba a taɓa ganin kwala a yamutse ba.

A gida Auta ta zauna bakin gado tana karanta sunayen cututtuka a waya, Mama kuwa ta kama guga.

"Mama, ki kwanta mana. Idan mugun ciwon nan ne fa?"

"To sai mawaƙa su tarbi tashin Ubangiji kamar an ƙwato su daga bakin kura? Manzanni ma kwana uku suka jira, babu mai digiri a cikinsu. Riƙe min hannun rigar nan."

Ranar Lahadi riguna ashirin da biyu suka jeru sumul. Mama ta rera kowane baiti, Auta kuwa baki kawai ta motsa.

Yau Litinin. Sakamakon bai fito ba, an ce sai gobe.